Mai Askin Tumaki da Ɓeran Masar

Shekara talatin da ɗaya ke nan shingen kwano ɗaya ne ya raba gidana da na Des Pengilly. Kafin nan kuma na yi shekara goma sha biyu ina dafa musu abinci, shi da sauran masu askin tumaki, muna bin rumfunan aski daga nan garinmu Burra har can arewa inda ruwan sama ba ya zuwa sai ya ga dama. Saboda haka in na ce na san mutumin nan, ba labari aka ba ni ba. Na san shayinsa baƙi ƙirin yake sha, da sukari cokali uku. Na san in ya ce “ba laifi” to abin ya burge shi ƙwarai, don iyakar yabonsa ke nan.

An haife shi a wata 'yar gona da ba ta iya ciyar da 'ya'ya shida. Ya bar makaranta yana ɗan shekara sha huɗu, ya shiga rumfar aski yana share ulu, yana da ashirin aka danƙa masa injin aski. Mutum ne dogo mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar faranti, amma duk wanda ya ga yana aiki zai gaya maka ba ƙarfi yake sawa ba. Yakan kama tunkiya ya zaunar da ita tsakanin gwiwoyinsa, ta yi lamo, ulun ya sauka gaba ɗaya kamar an tuɓe mata riga. Akwai waɗanda suka fi shi sauri. Amma shi masu gonaki suke nema, don ba a ganin jini a jikin tunkiyar da ta fito daga hannunsa.

Ya auri Coral, wata tela 'yar gajeriya mai yawan dariya, suka haifi 'ya ɗaya, Jodie, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce a Adelaide. Yana da hamsin da takwas ciwon baya ya sa ya ajiye aski. Coral ta rasu shekara shida da suka wuce, Allah ya jiƙanta, daga nan Des ya zama mutumin baranda. Da safe ya fito da kujera da rediyo, ya saurari hasashen yanayi, ya yi musu da mai karanta labarai, in rana ta juyo ya ja kujerar zuwa inuwa. Abincinsa bai canza ba tun zamanin rumfa: naman tunkiya, dankali, burodi. Duk shekarun da na yi ina zuba masa abinci ban taɓa ganin ganye ya wuce maƙogwaronsa ba. In na sa masa kabeji sai ya ture shi gefe da cokali ya ce, “Beryl, wannan ai abincin waɗanda nake yi wa aski ne.”

Abu ɗaya ne yake fitar da shi daga gida da gogaggiyar riga, wato bikin baje kolin amfanin gona da ake yi kowane Oktoba, inda shi ne alƙalin ulu. A na shekarar waccan, bayan ya gama alƙalancinsa, ya ratsa ta rumfar ƙananan dabbobi zai fita, sai ya ga wani keji a ƙarƙashin tebur da takarda manne a jiki. Masu shi za su ƙaura, duk mai so ya ɗauka. Abin da ke ciki, in ji shi, ya zaci tsumman goge ƙasa ne aka manta. Sai tsumman ya yi atishawa.

Ina kwashe shanya da yamma na ji muryarsa ta saman shinge.

“Beryl, da aiki a hannunki?”

“Kana gani ai.”

“Ajiye ki zo ki riƙe min wani abu.”

Na same shi a kicin ya shimfiɗa tawul a kan tebur, ya ɗauko almakashin ɗinkin Coral, wanda tun rasuwarta ba wanda ya buɗe akwatin da yake ciki. A tsakiyar tawul ɗin ga wani dunƙulen gashi ya cuɗe ya daskare, duk ɓuntun katako da ƙazanta.

Na ce, “Wannan kuma mene ne?”

“Ɓeran Masar ne, irin masu dogon gashin nan. Dubi yadda aka bar shi. Da a rumfata mai shi yake aiki, da kafin azahar ya ɗauki jakarsa.”

“To ina kan, ina gindin?”

“Shi nake nema.”

Mutumin da yake gama tunkiya cikin minti uku ya share minti arba'in a kan abin da bai kai takalminsa girma ba. Ya sa tabarau, ya sunkuya, yana zura ɗan yatsa tsakanin fata da gashi kafin ya yanka, yana magana ƙasa-ƙasa kamar yadda yake yi wa tunkiyar da ta firgita. Ni kuma ina riƙe, ina jin zuciyar ɗan abin tana bugawa a tafina. Da ya gama, sai ga wata 'yar halitta mai launin shayi da madara, da farin tsini a goshi, da baƙaƙen idanu tana kallonmu. Ta girgiza jiki, ta taka zuwa bakin tebur, ta hau cin jaridar Des.

Ya cire tabarau ya ce, “Ba laifi.”

Na ce, “Yanzu wa za ka ba?”

“Sai na ga gashin ya fito daidai tukuna.”

Gashi ya fito daidai, bai ba kowa ba. Ya sa masa suna Merino, sunan irin tumakin da ya ƙare rayuwarsa a kansu. Ya jefar da kejin ya ƙera masa wani faffaɗan akwati a ɗakin wanki, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan. Da yamma ya fito da shi tsakar gida ya kifa masa ragar waya a kan ciyawa, ya zauna kusa yana gadi saboda kyanwata, wadda ya ce tun da yake bai taɓa yarda da ita ba. Merino kuwa ya koyi ƙarar ƙofar baya. Da zarar Des ya murɗa ta sai ya fara wani irin fito mai tsini, wanda har ɗakina nake ji. Des yakan ce ya dame shi. Amma na lura in ya dawo daga kanti ta ƙofar baya yake zagayawa, alhali ta gaba ta fi kusa.

A shekarar ruwa ya ɗauke da wuri. Kafin Kirsimeti ciyawar tsakar gida ta zama ƙura, Janairu, wanda a nan shi ne tsakiyar bazara, ya zo da zafin da ko tsuntsaye sai sun sauko ƙasa suna haki. Des ya daina fito da Merino waje, ya ci gaba da ba shi abin da ya san dabba tana ci a lokacin fari: busasshiyar ciyawa, dusa, da 'yar alkama da wani manomi ya ba shi.

Wata Talata a farkon Fabrairu, ina karyawa, ya shigo min kicin ba ko ƙwanƙwasawa, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya da hula a hannu.

“Bai yi fito ba.”

“Wa?”

“Merino. Jiya bai yi ba, na ce zafi ne. Yau ma na murɗa ƙofar sau uku, shiru.”

Na ajiye shayin na bi shi. Merino yana kwance a lungun akwati, gashinsa ya tashi birci-birci, idanunsa sun yi laushi, abincin jiya yana nan ba a taɓa ba. Des ya sa hannu zai ɗaga shi, ya yi wata 'yar ƙara ta ciwo. Da ya ajiye shi sai ya ja ƙafafun baya kamar zomo, ya koma lungu.

Des ya ce, “Na duba haƙora, na duba ƙafa, na taɓa ciki bai kumbura ba. Akwai ragowar maganin tsutsa na tumaki a gareji. In na ɗiga masa ɗigo ɗaya...”

“In ka ɗiga masa sai ka haƙa rami kuma. Ɗauko shi mu tafi wurin Narelle.”

Narelle ita ce likitar dabbobi a garin Clare. A gonar mahaifinta ni da Des muka yi aikin aski shekara bakwai a jere, tun tana yarinya mai kitso biyu tana satar min biskit.

Des ya ce a akori-kurarsa za mu tafi. Na ce motar da ba ta da iyakwandishan, a ranar da rediyo ya ce zafi zai haura digiri arba'in, sai dai in gasa shi yake son yi. Ya shiga tawa. Na ɗauko robar ruwa da ta daskare a firji, muka zura ta cikin safarsa muka sa a kwalin takalmi, Merino ya jingina da ita. Des ya ɗora kwalin a kan gwiwa, ya dafe da hannu biyu.

Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, amma ban taɓa shan ƙorafi irin na ranar ba.

“Ki ɗan taka mana, ba jana'iza za mu je ba.”

Na taka.

“Ke, a hankali. Ba buhun dankali kika ɗauko ba.”

“Des, zaɓi ɗaya.”

“Ki yi sauri a hankali.”

Haka har muka shiga gari. Ya buɗe kwalin ya leƙa, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Tunkiya dubu nawa ta ratsa hannuna, Beryl. Ina ganin tafiyarta na san abin da ke damunta. Wannan kuwa na rasa.”

Na ce, “Shi ya sa aka yi likita.”

Narelle ta fito da kanta da ta ga sunan a takarda. Ta rungume ni, ta dubi Des da kwalin takalmi ta danne dariya.

“Kawu Des, da aka ce kai ne na zaci rago ka kawo min. Har na sa a buɗe ƙofar baya.”

“Duba shi kawai, 'yar nan.”

Ta ɗora Merino a kan tawul, ta auna shi, ta matsa gwiwoyinsa a hankali, ta buɗe bakinsa ta haska dasashi da 'yar fitila. Des yana tsaye a kanta yana bin hannunta da ido, kamar yadda yake yi wa sabon ɗan koyo.

Ta ce, “Me kake ba shi?”

“Abin da tunkiya take ci. Busasshiyar ciyawa mai kyau, dusa, alkama.”

“Ɗanyen ganye fa?”

“Ina aka ga ɗanyen ganye a farin nan?”

“Tun yaushe rabonsa da shi?”

Ya yi lissafi da yatsu. “Mako bakwai, ko takwas.”

Ta gyaɗa kai. “To ga shi nan. Kawu, wannan ba tunkiya ba ne. Tunkiya jikinta yana yi mata bitamin C da kansa. Shi nasa ba ya yi, kamar mu mutane, sai ya ci a abinci. In ya rasa, gaɓoɓi su yi ciwo, dasashi ya kumbura, ya kasa taunawa. Irin ciwon da yake kama ma'aikatan jirgin ruwa a zamanin da, in sun yi watanni ba su ga lemo ba.”

Des ya dubi Merino. “Ni na jawo masa ke nan.”

“Ba ka sani ba ne. Kuma ka kawo shi da wuri.”

“Zai tashi?”

“Ina sa rai sosai. Amma akwai aiki a gabanka.”

Ta yi masa allura, ta ba mu maganin ɗigawa a baki da wani garin abinci da za a dama a riƙa ba shi da sirinji sau biyar a rana har ya fara ci da kansa. Ta ce a daina alkamar, a bar busasshiyar ciyawar. Sannan kullum a ba shi tattasai ja, da ɗan ganye.

Des ya ce, “Tattasai.”

“Tattasai. Ya fi lemo ma.” Ta kalle shi sama da ƙasa. “Kai kanka, Kawu, yaushe rabonka da ganye?”

Na ce, “Tun yaye.”

Ya ce min in ban rufe baki ba a ƙafa zai koma gida.

Da muka dawo ya wuce kantin Voula, wadda ita da mijinta suke sayar da kayan miya a babban titi tun kafin a haifi Jodie. Ban kai ga cire takalmi ba wayata ta yi ƙara.

Voula ta ce, “Beryl, maƙwabcinki lafiya kuwa? Yanzu ya fita daga nan da tattasai huɗu, da kokwamba, da latas. Sai da ya ɗaga kowanne ya duba a haske. Shekara talatin da biyar yana shigowa, ban da dankali da albasa bai taɓa taɓa komai ba. Likita ne ya gaya masa wani abu?”

“Likita ce, amma ta dabbobi.”

Kafin rana ta faɗi rabin garin ya ji. Washegari Des ya buɗe ƙofa ya tarar da ɓawon ɗanyar masara cike da leda a bakin baranda, jibi kuma ganyen karas. Ba wanda ya ce shi ya ajiye.

Aikin sirinji ya fi ƙarfin mutum ɗaya a kwana biyun farko, don haka nake zuwa. Des ya naɗe Merino a tawul ya rungume shi a ƙirji, ni in ɗiga. Rabi ya shiga, rabi ya ƙare a rigar Des. A rana ta uku ya ce na cika gaggawa, ya karɓi sirinjin, ya koyi yi da hannu ɗaya. Ya rubuta lokutan a bayan wata ambulan ya manna a firji, ya daina sauraron labaran rana saboda sun ci karo da ɗurin ƙarfe sha biyu.

Matsalar ita ce tattasan. Merino bai taɓa ganinsa ba, kuma irinsu ba sa yarda da baƙon abinci. Des ya yanka siri-siri, ya ƙi. Ya yanka ƙanana, ya ƙi. Ya goga masa a leɓe, ya juya masa baya.

Ranar Juma'a da hantsi na kai masa tawul ɗin da na wanke. Na shiga ta baya, na ji magana a ɗakin wanki, sai na tsaya a bakin ƙofa. Des ne kwance rub da ciki a kan siminti, da ciwon bayan nasa da komai, haɓarsa a bakin akwati. A hannunsa yankin tattasai. Ya gatsa, yana taunawa da ƙarfi don a ji ƙarar, fuskarsa a yamutse kamar mai shan maganin zazzaɓi.

Yana cewa, “Ka gani? Ban mutu ba. Ba daɗi, ban ce maka da daɗi ba. Amma ban mutu ba. Karɓi naka.”

Merino ya miƙo hanci ya shinshina bakin Des, ya shinshina tattasan. Des ya sake gatsa. Sai ɗan abin ya kama ɗaya gefen da haƙora ya fizge, ya ja shi lungu, na fara jin ƙus-ƙus-ƙus.

Des bai motsa ba har aka cinye. Sannan ya ce, yana nan kwance, “Na san kina nan, Beryl. Turarenki ya riga ki shigowa.”

“Ban ga komai ba.”

“In na ji wannan a bakin Voula, ni da ke ne.”

“Na ce ban ga komai ba. Za ka iya tashi?”

Ya gwada, ya kasa. “Ba ni hannu.”

Sai da muka yi minti biyar kafin na miƙar da shi, muna dariya har na zauna a kan kwandon wanki. Rabon da in ga dariyar Des irin wannan, mai girgiza kafaɗa ba sauti, tun Coral tana da rai.

Daga ranar abin ya yi ta sauƙi. Cikin mako guda aka ajiye sirinji. Gashin ya kwanta, tafiyar ta daidaita. Ranar Lahadi ta biyu ina ban ruwan tukwanen fure na ji fito ta cikin shinge, mai tsini kamar da. Sai na ji ƙofar bayan Des ta rufe, ta sake buɗewa, fito ya sake tashi. Sau huɗu ya yi haka.

Bayan kamar mako uku, da la'asar, ya leƙo ta shinge. Fuskarsa ta sauya.

“Zo ki gani. Ciwon ya dawo, kuma wannan karon ya fi muni. Ina jin farfaɗiya ce.”

Na bi shi da sauri. Ya zuba wa Merino sabuwar ciyawa ke nan, da ɓawon masara. Ɗan abin ya tsaya cik, sai ya daka tsalle sama da ƙafa huɗu, ya murɗe a iska, ya dira, ya sheƙa da gudu ya zagaye akwatin, ya sake dakawa yana karkaɗa kai. Des har ya ɗauko kwalin takalmi. Na ce ya dakata, na ɗauki hoton bidiyo da wayata na tura wa Narelle.

Ko minti biyu ba a yi ba ta kira. Na sa a lasifika. Da farko ba mu ji komai ba sai dariya.

Des ya ce, “'Yar nan, ba abin dariya ba ne.”

“Yi haƙuri, Kawu. Lafiyarsa ƙalau. Murna yake yi.”

“Murna?”

“Haka suke yi in sun ji daɗi. Jikinsa ya daina ciwo, ga abinci, ga fili. Ba ka taɓa ganin ɗan rago yana tsalle a sabuwar ciyawa ba?”

Des ya dubi Merino, wanda ya sake dakawa har ya faɗa cikin kwanon ruwa. Ya ajiye kwalin a hankali.

Ya ce, “Ɗan rago yana da dalili. Wannan ai ƙaton banza ne.”

Narelle ta ce, “Tunda na same ka, akwai abu ɗaya. Irinsu ba sa son zama su kaɗai. Akwai wani ƙarami a nan da aka tsinta a bakin hanya, namiji ne, ba wanda ya zo nema. In mun haɗa su sun shirya, ka ɗauka.”

“Ba gidan marayu na buɗe ba.”

Ranar Alhamis muka je muka ɗauko shi. Baƙi ne mai gajeren gashi, da ƙaton ciki, ba ya komai sai ci da gunaguni. Des ya ce tunda motata aka shiga, ni zan sa masa suna. Na sa masa Desmond, cikakken sunan Des. Ya yi kwana biyu ba ya gaishe ni, amma sunan ya zauna.

Baki biyu sun fi ƙarfin ledar da ake ajiyewa a baranda, don haka Des ya tono tsofaffin kwamin lambun da ke bayan gida. Ya riƙa tara ruwan wanka a bokiti yana kai musu, ya yi musu rumfa da tsohon labule. Tattasai ya yi, latas ya ƙone, ya sake shukawa. Da aka fara tsinka abin ya yi yawa, shi kuma mutum ne da ba ya iya zubar da abinci. Haka ya zo min wata rana yana kallon gefe, ya tambaye ni yadda ake soya tattasai da albasa. Na nuna masa. Ya ce don kada ya lalace ne kawai.

Jodie ta zo hutun Ista. Ta kwana ɗaya, da safe ta zagayo wurina da kofin shayinta, ta rufe ƙofa.

“Anti Beryl, ki gaya min gaskiya. Baba ya yi budurwa ne?”

“Me kika gani?”

“Firji cike da ganye. An share gida. Jiya na ji yana waƙa a banɗaki. Kuma da asuba ya sa hula ya fice da jaka, ya ce min zai je coci. Baba. Coci. Ranar Asabar.”

Na ce ta sha shayinta, gobe ta bi shi ta gani.

Abin da ta gani shi ne wannan. A bayan cocin da ke kan tudu akwai wani famfo da yake ɗiga shekara da shekaru, kuma nan ne kaɗai a garin ciyawa take zama kore ko da fari. Des ya gano wurin. Kullum da sassafe yakan hau tudun da ɗan lauje, ya durƙusa a gindin famfon ya yanko cikin jaka. Limamin cocin, wanda ya ɗauka tuba ce ta kawo shi, ya fito ranar farko da fara'a yana yi masa maraba. Da ya fahimci abin da ake ciki ya ce to shi ke nan, dama yana shirin kiran mai gyaran famfo. Des ya miƙe, ya cire hula, ya roƙe shi ya bar famfon yadda yake har ruwan sama ya sauka, shi kuma zai gyara shi da hannunsa ranar da aka yi ruwan farko. Suka yi musabaha a kan haka.

Ruwa ya sauka a ƙarshen Afrilu, kwana biyu ana yi. A rana ta uku Des ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya hau tudun ya gyara famfon, ya sha shayi da limamin, suka yi musu a kan ƙwallo. Yana da shekara saba'in da huɗu yanzu. Har yau yana hawa tudun kusan kowace safiya, ko da yake ciyawa ta fito a ko'ina, don ya ce ta can ta fi laushi. In ya sauko yakan tsaya a ƙofata ya ba ni labarin wanda ya gani a hanya, da jakar a kafaɗa, ba ya daɗewa, saboda su biyun can sun san takunsa kuma sun riga sun fara kira.